Magani Da Halinsa: Yaushe Za A Daure, Yaushe Za A Tsaya

Jawabin da wani tsohon malamin asibiti ya yi wa taron maza da mata a kwanakin bukin Jubili. An rubuta shi domin waɗanda ba su sami zuwa ba.

 

Dattawa sun ba ni ɗan lokaci in yi magana a kan shan magani. Da na ji haka sai na ce a raina, a ranar murna irin wannan, wa zai so jin zancen ƙwaya da allura? Amma da na dubi taron nan sai na ga ba wanda zancen bai shafa ba. Da zan ce ko wane namiji ya zazzage aljihunsa, ko wace mace kuma ta kwance bakin zanenta, na tabbata da mun cika ƙwarya da magani kafin a tashi. Saboda haka ku yi mani haƙuri, ku ba ni kunne.

Shekara 30 da 'yan kai na yi ina miƙa wa mutane magani ta taga. Cikin dukan waɗanda na miƙa wa, akwai mutum biyu da ba su taɓa fita daga zuciyata ba. Da labarinsu zan fara.

Mutum Biyu

Na fari wani manomi ne mai tarin fuka. Aka auna majinarsa, aka ga cutar, na ba shi ƙwayoyinsa na ce ya sha ko wace safiya. Ya tafi gida ya sha. Kafin azahar ya je bayan gida, sai ya ga fitsarinsa ya koma ja. Ya tsorata ƙwarai, ya ce maganin nan jininsa ya ke tsiyayarwa. Ya ɗaure sauran cikin tsumma ya soke a rufin ɗaki, bai gaya wa kowa ba. Bayan wata biyar aka kawo shi cikin amalanke, ya rame ƙwarai, 'yarsa ƙarama kuma ta kama tari. Jan fitsarin nan kuwa ba jini ba ne. Launin maganin ne kawai ke fita, ba ya cutar da kowa. Ni na san haka sarai, amma layi ya yi tsawo a ranar, ban gaya masa ba.

Ta biyu wata mace ce mai goyo. An rubuta mata maganin nan mai sulfa, wanda ku ke kira Bactrim ko Septrin. Da na miƙa mata na ce, "Kada ki bari sai ya ƙare." Mace ce mai biyayya. A kwana na shida jikinta ya yi zafi, idanunta suka yi ja, bakinta ya fara gyambo. Ta tuna da maganata, ta ci gaba da sha. Da aka kawo ta bayan kwana uku, fatarta tana saɓulewa kamar ta wanda ruwan zafi ya zuba wa. Ta rayu, amma idonta ɗaya bai sake gani ba.

To, 'yan'uwa, ku lura. Namijin nan ya bar magani a lokacin da ya kamata ya daure. Macen nan ta daure a lokacin da ya kamata ta bari. Dukansu biyu ba wawaye ba ne. Abu ɗaya ne suka rasa, watau sanin halin maganin da ke hannunsu. Wannan sani shi ne na ke so in bar maku yau.

Ga Zaƙi Ga Harbi

Hausawa su kan ce zuma ga zaƙi ga harbi. Haka magani ya ke. Sa'ad da ka haɗiye ƙwaya, ba ta san hanyar wurin ciwo ba. Ta kan narke cikin ciki, ta shiga jini, jini kuwa ya kai ta ko'ina, har kai, har ƙafa, har nonon mai goyo da ɗan da ke cikin ciki. Sa'an nan hanta ta sarrafa ta, ƙoda ta tace ta, ta fita cikin fitsari. Domin wannan ne magani ya kan taɓa wuraren da ba a aike shi ba. Likitoci suna kiran wannan illar magani. Ba maganin da ke da ƙarfin warkarwa wanda ba shi da illa ko kaɗan.

Amma illa iri biyu ce. Akwai wadda a ke daurewa da ita, akwai wadda a ke tsayawa dominta nan da nan.

Abin Da Za A Daure Da Shi

Maganin tarin fuka da na kuturta suna da wata ƙwaya da a ke kira rifamfisin. Ita ce ta kan mai da fitsari ja ko ruwan lemo, har gumi da hawaye su kan canza launi. Ba kome. A ci gaba da sha.

Cikin maganin kuturta kuma akwai kulofazimin, wanda ya kan sa fata ta yi duhu, ta bushe. Na ga 'yan mata suna kuka saboda wannan. Duhun ya kan tafi a hankali bayan an gama magani, ko da ya ke ya kan ɗauki watanni. A shafa mai, a yi haƙuri.

Ƙwayar ƙarin jini da a ke ba mata masu ciki ta kan mai da bayan gida baƙi, wani lokaci ta ɗaure ciki. A sha ruwa da yawa, a ci ganye, kada a bari. Flagyl ya kan bar ɗanɗanon ƙarfe a baki. Kinin ya kan sa kunne ya yi ƙara. Maganin ƙaiƙayi da na mura su kan kawo barci, saboda haka wanda ya sha kada ya hau babur.

Akwai kuma waɗanda ba su kai a tsorata ba, amma a gaya wa likita domin ya sake wani. Waɗansu magungunan hawan jini su kan kawo busasshen tari da ba ya ƙarewa, waɗansu su kan kumbura idon ƙafa. Mai shan maganin tarin fuka ya kan ji tafin ƙafarsa yana zafi ko kamar ana soka masa ƙaya. Akwai ƙwayar bitamin B6 da ke maganin wannan. Duk waɗannan suna da gyara, in dai an faɗa.

Abin Da Ba A Daurewa Da Shi

Yanzu ku buɗe kunnuwanku da kyau. Alamu shida zan faɗa. Wanda ya iya rubutu ya rubuta, wanda bai iya ba ya ƙirga da yatsunsa.

Ta ɗaya: leɓe ko harshe ko fuska su kumbura, jiki ya yi ruɗu-ruɗu, numfashi ya yi wuya, jim kaɗan bayan shan magani ko allura. Fenisilin da danginsa su kan yi wa waɗansu haka. Wannan ya kan kashe mutum cikin mintoci. Shi ya sa a kan ce ka zauna rabin sa'a bayan allura. Ba wulaƙanci ba ne, tsaro ne.

Ta biyu: ƙuraje tare da zazzaɓi, da gyambon baki, da jan ido, ko fata ta yi bororo. Wannan ita ce ta sami macen da na faɗa maku. Magunguna masu sulfa su kan jawo ta, haka waɗansu magungunan farfaɗiya, haka dafson na kuturta. Yawanci cikin makonnin farko na fara magani ta ke zuwa.

Ta uku: ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu kamar shayin da ya daɗe a wuta, ga amai da ƙin abinci. Hanta ce ke kuka.

Ta huɗu: aman jini, ko bayan gida baƙi mai yauƙi kamar kwalta, mai mugun wari. Ciki ne ke zub da jini.

Ta biyar: fitsari ya ragu ƙwarai ko ya ɗauke, balle ga yaro. Ƙoda ce ta sami rauni.

Ta shida: gani ya dushe, ko ji ya ragu, ko mutum ya faɗi yana shure-shure, ko ya yi barcin da ba a iya tashe shi.

Wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, kada ya ƙara haɗiyar ko ƙwaya ɗaya. Ya ɗauki kwalin maganin, ya tafi asibiti a ranar, ko da dare ne. Kada ya bari ya zauna gida shiru kamar manomin nan, gama cutar da a ke yi wa magani tana nan tana jira, sai an ba shi wani maimakonsa. In kuwa likita ya tabbatar jikinka ba ya son wani magani, ka roƙi a rubuta maka sunansa a takarda, ka riƙa nuna ta duk inda ka je har iyakar ranka.

Wani zai ce, "Malam, ka ce jan fitsari ba kome, ka kuma ce duhun fitsari hatsari ne. Ka ce baƙin bayan gida ba kome, ka kuma ce hatsari ne. Yaya za mu rarrabe?" Tambaya mai kyau. Ka dubi mutumin dukansa. Mai jan fitsarin rifamfisin idonsa fari ne, yana cin tuwonsa. Mai ciwon hanta idonsa rawaya ne, abinci ba ya shiga. Mace mai shan ƙwayar ƙarin jini bayan gidanta baƙi ne amma tana aikinta. Wanda cikinsa ke zub da jini ya kan ji jiri, ƙarfinsa ya ƙare, tafin hannunsa ya yi fari. In kuwa ka yi shakka, ka zo. Matambayi ba ya ɓata.

Zancen Mudu

Ko wane magani yana da mudunsa. Bari in ɗauki wanda kowa ya sani, watau parasitamol. Ƙwaya ɗaya miligiram 500 ce. Babba ya kan sha ɗaya ko biyu, ya jira sa'a 4 zuwa 6 kafin ya ƙara, kada kuma ya wuce ƙwaya 8 daga safiya zuwa wata safiya. In ya wuce haka, hanta ce za ta biya. Mugun abin shi ne mutum ba ya jin kome a ranar farko. Sai bayan kwana biyu ko uku ciwon ke bayyana. Ku sani kuma yawancin magungunan mura da na ciwon jiki suna da parasitamol a ciki da wani suna a kwali. Mutum ya sha wannan, ya sha wancan, ya ninka mudu bai sani ba.

Maganin ciwon gaɓoɓi irin su asfirin da ibufurofen da dikulofenak su kan ci bangon ciki, su raunana ƙoda. Kada a sha su da wofin ciki, kada a haɗa biyu daga cikinsu, kada a mai da su abin sha kullum bayan an taso daga gona. Mai gyambon ciki ya nisance su. Asfirin kuma ba na yara ba ne.

Yaro ba rabin babba ba ne. Da nauyinsa a ke auna maganinsa, shi ya sa a ke ɗora shi a sikeli. In an ce cokali ɗaya, watau mililita 5 ke nan, da ma'aunin da ya zo cikin kwali. Cokulan gidajenmu kuwa ba girmansu ɗaya ba. Maganin da aka ba maƙwabcinka kuma nasa ne. Zazzaɓi biyu su kan yi kama a fuska, asalinsu dabam. Abincin wani gubar wani.

A Kai Ƙarshe

Kamar yadda yawan magani ke ɓarna, haka ƙarancinsa. Maganin zazzaɓin cizon sauro na yanzu, irin su Coartem, sau 6 a ke sha cikin kwana 3: na fari, na biyu bayan sa'a 8, sa'an nan safe da yamma har kwana biyu. A sha shi da nono ko abinci mai mai, gama da maiƙo ya ke shiga jini sosai. In yaro ya amar kafin rabin sa'a, a sake ba shi, a koma a karɓi ciko. Yawancin mutane su kan ji sauƙi a rana ta biyu, sai uwa ta ɓoye sauran domin ƙanensa. Ta haka ta ba yara biyu rabin magani, ba wanda ya warke sarai.

Haka kuma maganin rigakafin da a ke bi gida gida ana ba yara da damina, daga wata 3 zuwa shekara 5, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa a 2012. Ma'aikaci ya kan ba da na ranar farko, na rana ta biyu da ta uku kuwa a hannun uwa ya ke. In ta manta, tsaron bai cika ba.

Tarin fuka wata 6 ne. Kuturta wata 6 ko 12 ne, bisa ga irinta. Tsofaffinmu sun tuna zamanin da dafson kaɗai a ke ba kutare shekara da shekaru. Da ya ke magani ɗaya ne, ana kuma sha ana bari, sai ƙwayoyin cutar suka saba da shi; an tabbatar da wannan a ƙasar Malesiya a 1964. Shi ya sa a 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a haɗa magunguna, tun 1995 kuma kyauta a ke ba da su. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, ya yi gargaɗi tun 1945 cewa shan abin da bai kai mudu ba zai koya wa ƙwayoyin cuta jurewa. Abin da ya ji tsoro ya faru. Saboda haka mutumin da ke sayen kafso biyu, ja da rawaya, duk ran da cikinsa ya murɗa, ba kansa kaɗai ya ke cuta ba. Yana dushe kaifin makamin da 'ya'yansa za su nema gobe.

Akwai kuma cututtukan da maganinsu ba ya ƙarewa: hawan jini, ciwon sukari, farfaɗiya, da cuta mai karya garkuwar jiki. Jin sauƙi ba warkewa ba ne; maganin ne ke riƙe da cutar kamar yadda igiya ke riƙe da doki. A nan zan faɗi wata magana a fili, gama mu 'yan gida ɗaya ne. Na san waɗanda aka yi masu addu'a, suka koma gida suka zubar da ƙwayoyinsu domin su nuna bangaskiya. Waɗansunsu mun binne su. Addu'a da magani ba abokan gaba ba ne. Wanda ya ga ya warke, ya je a auna shi, likita ya tabbatar. Kada wani ya sa ɗan'uwansa mai farfaɗiya ya bar magani, ya je ya faɗa wuta ko rijiya.

Mai ciwon sukari kuma ya lura: in ya sha ƙwayarsa ko ya yi allurarsa bai ci abinci ba, sukarin jininsa ya kan faɗi. Zai yi gumi, jikinsa ya yi rawa, hankalinsa ya ruɗe. In yana iya haɗiya, a ba shi ruwan sukari nan take, sa'an nan abinci. Mutanen gidansa duka su san wannan.

Mata Masu Ciki

'Yan'uwana mata, wannan naku ne. A 1957 aka fara sayar da wani magani a Jamus, sunansa talidomaid, domin barci da tashin zuciya. Mata masu ciki suka sha a ƙasashe da yawa. Kafin a janye shi a 1961, an haifi jarirai fiye da 10,000 da nakasa, da yawansu hannuwa da ƙafafu ba su fito sosai ba. Uwayen kuwa ba su ji ciwon kome ba. Daga wannan masifa ne ƙasashe suka tsananta gwajin magani, a 1968 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa shirin tattara labarin illar magunguna. Ashe in kin gaya wa malamin asibiti abin da magani ya yi maki, ba ƙorafi ki ke yi ba, taimakon waɗansu ki ke yi.

Saboda haka mace ta faɗa kafin a rubuta mata magani: ina da ciki, ko ina tsammani, ko ina shayarwa. Kada kunya ta hana. Tetirasaikilin ya kan ɓata haƙoran ɗan da ke ciki da na yara 'yan ƙasa da shekara 8. Ibufurofen da danginsa ba su da kyau ga mai ciki, balle a watannin ƙarshe. Mai shan maganin farfaɗiya ta yi shawara da likita tun kafin ta ɗauki ciki, kada ta bari da kanta. Mai shan ƙwayar tazarar haihuwa ta sani rifamfisin ya kan rage ƙarfinta. Amma kada a ce mai ciki ba ta shan kome. Ƙwayar ƙarin jini, da Fansidar da a ke bayarwa wurin awo daga wata na huɗu, tsaro ne gare ta da ɗanta.

Daga Ina Maganin Ya Fito?

Dukanmu mun san mai tallan magani a kasuwa, da tirensa a ka ko akwatinsa a bayan keke, rana tana dukansa tun safe. Ba na zaginsa, abinci ya ke nema. Amma bai san abin da ke cikin kwalin ba, bai kuma san abin da ke cikin jikinka ba. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe irin namu magani ɗaya cikin 10 jabu ne ko bai kai ƙarfinsa ba.

Wannan ba labarin nesa ba ne. A 1995, lokacin annobar sanƙarau a Nijar, an yi wa mutum fiye da 50,000 allurar rigakafi ta jabu. A 2008 a Nijeriya wani maganin ruwa na fitowar haƙori ya kashe yara fiye da 80. A 2022 a Gambiya yara wajen 70 suka mutu bayan shan maganin tari da mura. A 2023 aka yi gargaɗi a kan wani maganin tari a Kamaru. A waɗannan ukun guba iri ɗaya ce ta shiga kwalba, wadda ke kashe ƙoda, alamarta kuwa ita ce fitsarin yaro ya ɗauke. Ba zan ce maku abin da aka saya a farmasi ba ya taɓa samun aibi ba. Amma in ya samu, ana iya bin sawunsa a janye shi. Na tire kuwa, wa zai bi sawunsa? Ku sani kuma fitowar haƙori ba cuta ba ce, yawancin tarin mura kuma ba ya bukatar kwalba. Yaron da ke numfashi da sauri, ko ƙirjinsa ke lotsawa, asibiti ya ke bukata.

Abu biyu kuma suna cin mutanenmu. Samari suna shan tiramol domin ƙarfin aiki. Magani ne na ciwo mai tsanani, ana ba da miligiram 50 ko 100, amma na kasuwa ya kan kai 200 ko 225 a ƙwaya ɗaya. Ya kan jefa mutum cikin farfaɗiya, ya kama shi har ya kasa bari. Mata kuwa suna shan dekzametazon domin ƙiba.  Ya kan jawo ciwon sukari da hawan jini, ya raunana ƙashi. Wadda ta daɗe tana sha kada ta bari rana ɗaya, gama wannan ma hatsari ne. Ta zo a rage mata a hankali.

Waɗansu kuma suna ganin ba a yi masu magani ba sai an yi allura. Ba haka ba ne. Yawancin cututtuka ƙwaya ta isa. Allurar da aka soka inda bai kamata ba a ɗuwawun yaro ta kan taɓa jijiya, ƙafa ta shanye. Wadda aka yi wa wani aka sake yi maka ta kan ɗauko ciwon hanta ko cuta mai karya garkuwar jiki. In kuwa kana shan saiwa ko sassaƙe ko jiƙo, ka faɗa wa likita. Su ma hanta ɗaya da ƙoda ɗaya ke aikinsu.

Ajiya

Yawancin magunguna ba su son zafin da ya wuce digiri 30, mu kuwa da bazara mu kan wuce 40. A ajiye su a inuwa, nesa da murhu da rufin kwano, cikin kwalinsu. A dubi kwanan watan ƙarewa kafin a saya. Garin amokzisilin na yara, in an zuba masa ruwa, kwanakinsa kaɗan ne, yawanci mako guda. Abin da ya rage a zubar. A sa magani inda hannun yaro ba ya kai, gama ƙwayar ƙarin jini ta yi kama da alewa, 'yan kaɗan kuwa sun isa su kashe ƙaramin yaro.

Tambaya Biyar

Ina gab da gamawa. Ran da kuka tsaya a bakin taga, kada ku karɓi ƙunshi ku juya. Ku yi tambaya biyar. Mene ne sunan maganin nan, na mene ne kuma? Nawa zan sha, sau nawa, har kwana nawa? Kafin abinci ko bayan abinci? Me zan gani wanda ba kome ba ne? Me zan gani wanda zai sa in tsaya in komo? Sa'an nan ku maimaita wa malamin abin da ya faɗa, domin ya ji ko kun fahimta. Wanda bai iya karatu ba ya roƙi a zana masa rana da wata a ƙunshin. In malamin ya ɓata fuska, ku yi haƙuri ku sake tambaya, gama jikin naku ne.

Ku kuma samari da 'yan mata da ke aikin asibiti yanzu, ina ganin waɗansunku a taron nan. Na san layi yana da tsawo, na san gajiya. Amma abin da zai ceci manomin nan daga wata biyar na wahala, ya ceci idon macen nan, bai kai maganar minti ɗaya ba. Kada ku miƙa ƙwaya ba tare da magana ba.

Macen nan ta daɗe tana zuwa wurinmu bayan haka, tana kawo 'ya'yanta awo. Ba ta taɓa ɗora mani laifi ba. Amma duk sa'ad da na miƙa mata magani, sai ta riƙe ƙunshin ta ce, "Malam, wannan fa, mene ne halinsa?" Matan da ke bayanta a layi suka koya daga gare ta, suka riƙa tambaya haka nan. Ina roƙonku, ku ma ku ɗauki tambayar nan ku tafi da ita garuruwanku.

 Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kai kowa gidansa lafiya.